Jarumi ɗaya, fuska goma: laccar bidiyon AI a Nima

Daga rikodin laccar da aka yi wa matasa masu harkar bidiyo a Nima, Accra, na kwafo wannan.

Assalamu alaikum 'yan uwa, na baya kuna ji na ko? To madalla. Kukan da kowa ke kawo min ɗaya ne, malam na haɗa jarumina a sin na farko, wato fitowa ta farko a fim, da gemunsa da hularsa, a sin na biyu sai ga wani mutum daban, hanci ya canza gemu ya tafi. Ku fara gane dalili tukuna. Injin AI ɗin nan mai haɗa bidiyo ba ya tuna abin da ya yi ɗazu. Ko Veo 3 ne da Google ta fitar a 2025, ko Kling, ko Runway, kowane guntun bidiyo daga dishi-dishi yake faro shi irin na talabijin idan sigina ta ɗauke, yana sharewa a hankali har hoto ya fito, kuma guntun gajere ne, Veo 3 sakan 8 yake ba ka. Kun ga fim ɗin minti 2 guntaye 15 kenan, sau 15 ana sake zana mutumin daga tushe.

Shi ya sa rubutu kaɗai ba zai riƙe maka fuska ba. Ka rubuta "dattijo mai farin gemu", to dattawa nawa ne masu farin gemu tsakanin Nima da Mamobi kawai? Da hoto ake farawa, kar ka taɓa bidiyo sai ka gama da hoto. Ka fitar da jaruminka ta gaba, ta gefe, a tsaye tun daga kai har takalmi, bango fili babu tarkace, ka adana su a folda guda, duk sin da za ka yi waɗannan hotunan za ka ba injin. Midjourney, manhajar haɗa hotuna da AI, ta kawo wannan tsarin a 2024, Runway ma ta sa shi a injinta Gen-4 a 2025. Mai kwamfuta mai ƙarfi yana iya koya wa injin fuskar da abin da ake kira LoRA, wannan sai wata rana.

Inda abin ya fi damuna wallahi shi ne kayanmu da fatarmu. Ka sa wa mutum batakari, ratsin zai dinga canzawa, nan fari da baƙi can ya zama shuɗi, aikin hula ma haka, atamfar mata kuwa ba a magana. Ku zaɓi kaya mai sauƙi, jallabiya launi ɗaya, mayafi mara ado. Sannan ku sa ido a kan fata, sau da yawa sai ka ga hasken sin ya canza jarumi baƙi ya koma wankan tarwaɗa, tsagen fuska ya ɓace ko ya koma ɗayan kuncin. Kar ku bar wannan ya wuce don Allah, mutanenmu muke nunawa, a sake guntun ko da zai ci kiredit, wato kuɗin da ake cira duk sanda injin ya yi aiki.

Akwai dabarar ɗaukar firem na ƙarshe, wato hoton da guntu ya ƙare a kai, a mai da shi farkon guntu na gaba, tana aiki, amma in ka jera da yawa fuskar tana zamewa kaɗan-kaɗan ba ka lura ba, don haka duk sabon sin ka koma kan hotunan asali.

Hajiya ta ce ko za a iya sa hoton mutum na gaske? Ana iyawa Hajiya, yana ma riƙe kamanni sosai, amma sai da izininsa, a faɗa masa irin fim ɗin da kalaman da za a sa a bakinsa, ya yarda a rubuce. Sai wa kuma? Ɗan uwa mai jar riga, bismillah.