Yadda Alƙalai Ke Yanke wa Malbec Hukunci

Ku dubi wannan ɗakin gasar giyar inabi da kyau. Tebur ne dogo an shimfiɗa masa farin ƙyalle, gilasai a jere, kowanne da lamba, kuma ko kwalba ɗaya ba a gani domin duk an lulluɓe su. Kusa da kowane alƙali akwai ɗan bokiti. Nan ake tofar da abin da aka kurɓa. Mutumin da zai ɗanɗana giyar inabi kala hamsin ko fiye kafin azahar, in ya ce haɗiyewa zai yi, ai ba zai kai na goma da hankalinsa ba.

Na san yawancin masu kallonmu ba sa shan giya, addini ya hana, kuma ba tallarta muka zo yi ba. Abin da ya ja hankalina shi ne sana'ar: yadda mutum zai kurɓi abu na daƙiƙa goma, ya rubuta maki 94 cikin ɗari, farashin kwalba ya tashi a kasuwannin duniya. Me yake nema a cikin bakinsa? Misalinmu na yau jar giya ce mai tsada daga ƙasar Ajantina, wadda mafi yawanta daga inabin Malbec ne, aka haɗa da wasu.

Malbec ba ɗan Ajantina ba ne. Asalinsa kudu maso yammacin Faransa, yankin Cahors, inda suke kiransa Cot, kuma tun da daɗewa ake yi wa giyarsu laƙabi da "baƙar giya" saboda duhunta. A 1853 Domingo Sarmiento, wanda daga baya ya zama shugaban Ajantina, ya matsa a kafa makarantar noma a Mendoza da ke yammacin ƙasar, aka ɗora wani Bafaranshe masanin noma, Michel Pouget, a kanta, ya zo da irin inabi daga ƙasarsa. Don tunawa da wannan ne duk 17 ga Afrilu ake bikin ranar Malbec ta duniya. A gida kuwa abin bai yi masa daɗi ba. Wani ƙwaro mai cin saiwa ya lalata gonakin Faransa a ƙarshen ƙarni na 19, sai matsanancin sanyin 1956 ya zo ya ƙarasa da yawan abin da ya rage a yankin Bordeaux, manoma suka koma wasu iri. Baƙo ya samu wuri a Ajantina ya miƙe ƙafa.

Mendoza kusan hamada ce, ruwan sama bai wuce milimita 200 da 'yan kai ba a shekara. Da ƙanƙarar da ke narkewa daga duwatsun Andes ake ban ruwa. Gonakin kwarin Uco suna kan tudu mai tsayin mita 900 zuwa kusan 1,500. Ku riƙe wannan a ranku, domin duk abin da alƙali zai gani ko ya ji a gilashin nan, daga tudun ya samo tushe.

To, ya ɗauki gilashi. Ta ƙafa yake riƙewa don kada ɗumin hannu ya taɓa abin, wanda ake so ya tsaya tsakanin digiri 16 zuwa 18. Ya karkata shi a kan farin ƙyalle. Malbec sabo duhu gare shi kamar zoɓon da aka dafa da kauri, gefensa na ɗaukar shuni-shuni. Launin daga fatar inabi yake fitowa, ruwan ciki fari ne. A kan tudu hasken rana ya fi ƙarfi, sai inabi ya ƙara kaurin fata don ya kare kansa, fata mai kauri kuma launi mai yawa. In gefen ya koma kalar jan bulo, giyar ta kwana biyu. Ido bai da aiki mai yawa, nan da nan ya wuce.

Hanci ne babban alƙali. Shaƙar farko ta neman aibi ce. Akwai wani sinadari da kan fito daga ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, ya sa giya warin jiƙaƙƙen kwali. In an ji shi, magana ta ƙare, a kawo wata kwalbar. In babu, sai ya juya gilashi ya sake shaƙa. A Malbec ana sa ran ƙamshin nunannun baƙaƙen 'ya'yan itace, ku ɗauka wani abu ne kusa da ɗinya, tare da ƙamshin fure idan daga gona mai tsayi da sanyi ya fito. Sannan akwai ƙamshin da ba na inabi ba ne, na ganga ne. Irin wannan giyar takan yi shekara ɗaya ko fiye a gangar wani itace da ake kira oak, mai cin lita 225, wadda aka babbake cikinta da wuta, ta bar mata ƙamshin banila da koko da ɗan hayaƙi. A nan ne masu yi da yawa ke zarce gona da iri. Kamar mai girki ce da ta cika daddawa har aka daina jin naman. Alƙali na ƙwarai yakan rage maki in ganga ta danne inabi, kuma ni ina ganin daidai ya yi, don ƙamshin ganga kowa mai kuɗi na iya saye.

Yanzu ya kurɓa. Ya zagaya da ita ko'ina a baki, ya ja iska ta tsakanin haƙora har ka ji ƙara, abin da a gidanmu za a ce rashin tarbiyya ne, sannan ya tofar. Abu uku yake aunawa. Tsami, wanda ke sa yawu ya tsinke. Ƙarfin barasa, wanda a Malbec ɗin Mendoza kan kai kashi 14 cikin ɗari ko ya ɗan haura, kuma bai kamata ya yi zafi a maƙogwaro ba. Sai bauri.

Bari mu tsaya a kan bauri, don duk wanda ya taɓa cin goro ko ya bar shayi ya daɗe a wuta ya san shi. Wannan bushewar da harshe ke yi, dasashi ya yi ƙaiƙayi-ƙaiƙayi, aikin sinadarin tanin ne. Yana kama furotin ɗin da ke cikin yawu, sai santsin baki ya ɗauke. Ba yawansa kaɗai alƙali ke dubawa ba, har da irinsa. Akwai mai kaushi irin na ɗanyen mangwaro, alamar an yi gaggawar tsinke inabi. Akwai mai laushi wanda ke shimfiɗuwa a harshe. Tsamin kuma tudun nan ne ya ajiye shi: rana zafi, dare sanyi, inabi ya nuna a hankali bai zubar da tsaminsa ba.

Ga dalilin haɗa Malbec da wasu irin inabi. Malbec shi kaɗai tsoka gare shi, ya cika baki, amma wani lokaci yakan yi saurin ɓacewa. Inabin Cabernet Sauvignon kuwa ƙashi ne, bauri mai ƙarfi da ke sa giya ta jure shekaru a kwalba. Wasu kan ɗiga inabin Petit Verdot kaɗan don launi da yaji. Sanannen misali shi ne Cheval des Andes, haɗin gwiwar gidan Cheval Blanc na Bordeaux da Terrazas de los Andes na Mendoza tun 1999, kuma rabon da suke haɗawa yakan canza daga shekara zuwa shekara gwargwadon yadda damina, ko in ce yanayi, ya kasance. A dokar Ajantina sai Malbec ya kai kashi 85 cikin ɗari kafin a rubuta sunansa shi kaɗai a kwalba. A Cahors kuma dole ya kai kashi 70, a cike da inabin Merlot ko Tannat. Tambayar alƙali ita ce: sun zama abu ɗaya, ko kuwa kowa na jan nasa?

Bayan ya tofar sai ya yi shiru. Ƙirga yake yi. Giya mai araha da ka tofar ta tafi. Mai daraja takan bar ɗanɗanonta rabin minti ko fiye, har yana sauyawa. Wannan tsawon, tare da daidaiton tsami da bauri da barasa, shi ke raba 88 da 95 a ma'aunin maki ɗari da Robert Parker na Amurka ya yaɗa tun 1978, ma'aunin da a gaskiya daga 50 yake farawa.

Shin lambar abin dogaro ce? A 2001 wani mai bincike a Bordeaux, Frédéric Brochet, ya rina farar giya ta koma ja ya ba ɗalibai 54 masu karatun fannin, suka yi ta siffanta ta da kalmomin jar giya. A Kalifoniya kuma Robert Hodgson, wanda shi kansa mai yin giya ne, ya shirya a riƙa ba alƙalan gasar baje kolin jihar giya ɗaya daga kwalba ɗaya har sau uku, a gilasai masu lambobi daban-daban, ba tare da sun sani ba. Sakamakon ya fito a 2008. Kusan alƙali ɗaya cikin goma ne kawai ya riƙa ba ta maki kusan iri ɗaya. Wasu sun ba ta lambar zinariya a gilashi na farko, suka hana ta a na uku. Shi ya sa manyan gasa ba sa barin mutum ɗaya ya yanke hukunci: alƙalai da yawa ke zama a tebur, kowa ya rubuta nasa a ɓoye, in maki ya yi nisa da juna a sake zubowa a ɗanɗana, kuma ba a yaye lulluɓin kwalba sai an gama sa hannu a takarda.