Neman amo mai daɗi a amfilifayar jita mai kwalba

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kallo. Yau ina yi muku magana ne daga wani ɗakin atisayen makaɗa a birnin Manchester na ƙasar Ingila, wanda na kama haya na awa biyu, domin bangon gidan da nake zaune ba shi da kauri, kuma abin da nake son nuna muku ba ya fitowa sai an ɗaga ƙara. Ga amfilifayar nan a gabana, wato na'urar da ke ƙara wa amon jita ƙarfi. Fender Blues Junior ce, na saye ta a hannun wani dattijo da ya ajiye kiɗa. Ƙarfinta wat 15 ne, lasifikarta ɗaya ce mai faɗin inci 12, nauyinta kuwa ya kai kilo 14, kuma kafaɗata ce shaida tun daga tashar bas.

Bari in juya ta ku leƙa bayanta. Kun ga kwalabe biyar da suke rataye kai a ƙasa, suna ɗan jan haske kamar garwashin da toka ta rufe? Ƙanana ukun nan sunansu 12AX7, a Turai kuma ana kiran su ECC83, su ne suke karɓar ɗan raunanan siginar da ke fitowa daga jita su ƙara mata ƙarfi. Dogayen biyun kuwa EL84 ne, irin waɗanda ke cikin amfilifayar Vox AC30, kuma su ne suke tura lasifika. Mutanen Ingila suna ce musu bawul, ni dai kwalba nake kiran su. Babu iska a cikinsu, kuma ba sa aiki sai sun ɗauki zafi, shi ya sa na kunna ta tun kafin in saita kyamara. Abu biyu ne ba na wasa da su a nan. Ba a kunna irin wannan na'ura ba tare da an jona lasifika ba, saboda hakan yana iya ƙona taransifomar da ke tsakanin kwalabe da lasifikar. Sannan ba a cusa hannu cikin akwatin ƙarfen, domin wutar da ke ciki ta haura bolt 300, kuma tana iya zama a ajiye ko bayan an zare waya daga bango.

Watanni na farko da na yi da wannan amfilifaya, ban ji daɗinta ba ko kaɗan, kuma laifina ne. Na riƙa kwafo lambobin da wasu suka ce su suke amfani da su, in saita maɓallai daidai da nasu, amma da na kaɗa tsirkiya sai in ji amo ya fito a dishe kamar an lulluɓe lasifikar da bargo. Sai in ƙara tirebul, wato maɓallin da ke kula da siririn amo, har in kai shi kusan ƙarshe. Ranar da na fara yin kiɗa tare da abokaina, mai ganga ya dube ni ya ce, "Malam, jitarka tana soka mini kunne kamar allura." Ni kuwa a inda nake tsaye ban ji komai na suka ba.

Dalilin ya zama mai sauƙi. Amfilifayar tana ƙasa, lasifikar tana fuskantar ƙwabrina, shi kuma mai ganga yana zaune daidai saitinta. Siririn amo yana fita ne a miƙe daga tsakiyar lasifika kamar hasken tocila, kakkauran amo kuwa yana bazuwa ko'ina cikin ɗaki. Wanda ya tsaya a kanta yana jin kaurin kawai, wanda ke gabanta shi ke shan sukar. Saboda haka yanzu, kafin in taɓa kowane maɓalli, sai in ɗora ta a kan kujera kamar yadda kuke gani, in janye ta daga kusurwar ɗaki domin kusurwa tana kumbura kaurin amo, sannan in ja baya kamar taku uku in saurara.

To, mu zo kan maɓallan. A wannan samfuri lambobin suna tashi ne daga 1 zuwa 12. Akwai maɓallan ƙara guda biyu, kuma rashin fahimtar bambancinsu ne ke rikita yawancin masu farawa. Na farko, bolum, shi ne yake ƙayyade yawan siginar da ake ɗura wa ƙananan kwalabe. Na biyu, masta, shi ne yake ƙayyade abin da ke wucewa zuwa manyan kwalabe da lasifika. Ku saurara: na kai bolum 10, na bar masta a 2. Kun ji amon ya yi kaushi, yana ɗan zuzuniya kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani, alhali ƙarar ba ta da yawa. Yanzu zan juya lissafin, in sauke bolum zuwa 4, in ɗaga masta zuwa 8. Amon ya buɗe, ya yi faɗi, kowace tsirkiya tana fitowa da muryarta. Ni wannan na biyun nake so, ko da yake ba na aibanta na farkon ga wanda kiɗansa yake buƙatarsa.

Wurin da nake nema yana tsakanin tsabta da kaushi, kuma shi ne dalilin da ya sa har yau makaɗa suke ɗawainiya da kwalba duk da cewa an ƙirƙiro taranzista, wadda ta maye gurbin kwalba a yawancin na'urori, tun 1947. Idan aka matsa wa kwalba fiye da ƙarfinta, ba ta yanke amo farat ɗaya, tana lanƙwasa shi ne a hankali, sai ya yi ɗumi ya kuma daɗe yana ringi. Yadda nake gano wurin shi ne in riƙa kaɗa tsirkiyoyi uku tare, ina ɗaga bolum kaɗan-kaɗan, har in kai inda taɓawa mai taushi take fitowa tas, bugu mai ƙarfi kuma yake ɗan tsagewa. Da wannan jitar tawa, wurin yana wajen 5 da rabi. Kada ku rubuta lambar. Idan jitarku tana da maganaɗisun ɗaukar sauti masu naɗi biyu, ta fi tawa ƙarfin sigina, kuma za ta tsage tun kafin nan.

Sai maɓallan launin amo guda uku: tirebul, midil mai kula da amon tsakiya, da bes mai kula da kakkauran amo. Abin da na daɗe ban sani ba shi ne waɗannan maɓallai ba sa ƙara komai, ragewa kawai suke yi, kuma a ɗaure suke da juna, ta yadda idan ka murɗa ɗaya sai aikin sauran ya canza. Haka kuma ajiye su duka a tsakiya ba ya nufin amo ya daidaita, domin a tsarin da kamfanonin Fender da Marshall suka saba amfani da shi, amon tsakiya a rage yake tun asali. Ni da bes nake farawa. Ina kaɗa tsirkiya mafi kauri, wadda take kaɗawa kusan sau 82 a daƙiƙa ɗaya, ina ɗaga bes har in ji amon ya fara yin laɓo-laɓo, sannan in koma baya kaɗan. Daga nan sai midil, wanda nake ba shi rabo mai tsoka, wajen 8, saboda a nan muryar jita take zaune, kuma shi ne yake fitar da ita fili idan ganga da jitar bes suka cika ɗaki. Tirebul ne na ƙarshe, ina ɗaga shi ne kawai har in ji ƙarar farce a kan tsirkiya.

Akwai wani abu da ya shafi kunne kansa. A shekarar 1933, masu bincike biyu a Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, sun nuna cewa idan ƙara ta yi ƙasa, kunnen ɗan'adam yana rasa kakkauran amo fiye da na tsakiya. Wannan ne ya sa saitin da ya yi mini daɗi da daddare a ɗakina, da bes a 8, yake zama taɓo idan na kawo shi nan na ɗaga ƙara. A nan bes ɗina ba ya wuce 4. Duk lokacin da ƙara ta hau, bes sai ya sauka.

Maɓallin amsa-kuwwa ba na daɗewa a kansa. Ina ajiye shi a 2 ko 3, inda ba a lura da shi sai an kashe shi.

Yanzu ku dubi hannuna na dama, domin daga nan ba zan sake taɓa amfilifayar ba. Na sauke maɓallin ƙara na jikin jitar zuwa 7, ina kaɗawa da tsokar yatsa, amon ya fito wasai, da ɗan bushewa mai tuna mini da gurmi. Na mayar da shi 10, na matsa kusa da gadar tsirkiya, na buga da farce, kun ji yadda ya yi gurnani. Saura minti ashirin lokacina ya cika, kuma sai na bar kwalaben sun huce kafin in ɗauke ta, saboda haka bari in yi shiru in kaɗa muku ɗan abin da na tanada da wannan saiti.