Bibiyar wanda maganin jini ya yi wa illa bayan an sallame shi

(An kwafo daga muryar lacca da aka gabatar wa ma'aikatan jinya da masu adana fayilolin marasa lafiya a Birnin Kebbi.)

Assalamu alaikum. Malaman jinya, da ku 'yan ɗakin kati da ke zaune can baya, ku matso gaba, domin rabin maganar yau taku ce.

Magungunan da ke taɓa daskarewar jini gida biyu ne. Akwai masu tsinka shi, irin su wafarin da hefarin, akwai masu taimaka masa ya daskare, babbansu bitamin K. Wafarin ma da ta fara fitowa a Amurka a 1948, maganin ɓera ce. Sai a 1954 aka amince mutane su sha. Yau muna ba wa wanda aka sa wa bawul na ƙarfe a zuciya, ko wanda jini ya taɓa daskare masa a jijiyar ƙafa, muna auna aikinta da gwajin INR, wanda ke nuna yadda jini ya tsinke: in lambar ta hau, jini ya ƙara tsinkewa ke nan. Yawancin masu sha ana so su tsaya tsakanin 2 da 3.

To me ke fitar da mutum daga nan? Sau da yawa mu ne da kanmu, ko mai kemis na bakin kasuwa. Mutum yana kan wafarin, zawo ya kama shi, aka ba shi Flagyl ko Septrin. Waɗannan biyun suna ƙara mata ƙarfi. Ko baya ya yi ciwo ya sayi diklofenak. Bayan 'yan kwanaki sai dasashi ya fara jini in ya yi asuwaki, fitsari ya yi ja, bayan gida ya yi baƙi. Rifamfisin na tarin fuka kuwa akasin haka yake yi, rage mata ƙarfi yake. Haka miyar alayyahu in aka ƙara cinta farat ɗaya, don ganye na ɗauke da bitamin K. Kada ku hana kowa miyarsa, ku ce masa dai ya riƙa ci yadda ya saba.

Inda nake so in daɗe shi ne maganin ɓera. Ba duka ne iri ɗaya ba. Wanda ake sa wa a rumbu don kashe ƙwarin hatsi, mai fitar da iskar guba, wannan wata masifa ce daban, ba ta jini ba. Amma akwai mai launi, wanda ke ɗauke da sinadarin burodifakum ko danginsa, masu tsinka jini kamar wafarin. Yaro ya tsinta ya ci, uwa ta rugo da shi, a auna jini a ga lafiya lau, a ce su tafi. Kuskure ke nan. INR ba ya tashi sai bayan kwana ɗaya zuwa biyu, don haka dole a maimaita gwaji bayan awa 48. Kuma wannan guba tana zama a hanta makonni, wani lokaci watanni. Wafarin ta asibiti kwanaki kaɗan ta fita. Ita kuwa wannan, a ba mutum bitamin K, jini ya tsaya, ya koma Kamba ko Zuru ya ɗauka ya warke, ya ajiye maganin, sati ya zagayo a dawo da shi ranga-ranga. Saboda haka ko likita ne ya tsayar da bitamin K, a sake auna jini bayan kwana biyu zuwa uku. Ku rubuta ranar dawowa a katinsa, ku faɗa wa wanda ya kawo shi baki da baki, ku tambayi ko akwai kuɗin mota. Wanda zai taso daga Yawuri don gwaji ɗaya, sai an gamsar da shi.

Shi ma bitamin K ɗin yana da nasa haɗari. In aka tura shi ta jijiya da sauri yana iya jefa mutum cikin mummunan hali nan take. In kuma aka zuba wa mai bawul na ƙarfe da yawa, wafarin ta ƙi kama shi har sati ko fiye, bawul ɗin ya toshe da gudan jini.

Yanzu 'yan ɗakin kati. A kundin ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ke ba kowace cuta lambarta, gubar magungunan tsinka jini T45.5 ce. Ta bitamin K da sauran masu daskarar da jini T45.7. Maganin ɓera kuwa ba ya cikin waɗannan, nasa T60.4 ne. Kafin ka rubuta ko ɗaya, tambayi abu guda: an sha maganin yadda likita ya ce? In an sha daidai amma ya yi illa, wannan ba guba ba ce a wajen kundin. Za ka rubuta ciwon da ya haifar, misali D68.3 na zubar jini, ka bi shi da Y44.2 mai nuna cewa maganin tsinka jini ne ya jawo shi. In an ninka ƙwaya ne ko an sha na wani, shi ne T45.5, da X44 in tsautsayi ne, X64 in da gangan mutum ya sha. Wannan ta ƙarshe kada a ɓoye ta don kunya ko don dangi sun roƙa, domin ita ce za ta sa likita na gaba ya duba halin damuwar da mutumin ke ciki.

Wata 'yar uwa ta tambaye ni game da lambobin da take gani a intanet masu ƙarewa da A ko D ko S. Wannan tsarin Amurka ne da suka fara aiki da shi a Oktoban 2015: harafin A na lokacin da ake tsaka da magani, D zuwan bibiya, S illar da ta biyo baya. Kundin Hukumar Lafiya ba shi da waɗannan haruffa. A nan, wanda ya gama magani ya dawo a duba shi yana shiga Z09, illar da gubar magani ta bari kuma T96, ta maganin ɓera T97. Ku duba wane kundi asibitinku ke bi, kada ku gauraya biyun a fayil ɗaya. Sabon kundin, ICD-11, ya fara aiki tun Janairun 2022, wannan kuma zaman wata rana ne.

Na ga hannu a sama. Hajiya, bismillah.