Zagaye a Makarantar Sakandare Mai Harshe Biyu a Berlin

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa daga birnin Berlin. Yau zan zaga da ku cikin wata makarantar sakandare ta gwamnati wadda ake koyarwa da Jamusanci da Ingilishi, kasancewar yau ce ranar da suka buɗe ƙofa domin iyaye su shigo su gani da idonsu. Ba zan haska fuskar kowane ɗalibi ba, saboda a ƙasar nan ba a ɗaukar hoton 'ya'yan mutane sai da izinin iyayensu.

Makarantar tana cikin tsarin da ake kira Staatliche Europa-Schule Berlin, wanda aka fara a 1992. Tsarin ya haɗa Jamusanci da ɗaya daga cikin harsuna 9, wato Ingilishi, Faransanci, Rashanci, Sifaniyanci, Italiyanci, Girkanci, da harsunan Turkiyya, Fotugal da Poland. Schiller-Gymnasium da ke unguwar Charlottenburg tana da ɓangaren Ingilishi, ita kuwa Sophie-Scholl-Schule da ke Schöneberg tana da na Faransanci, wanda na san zai fi jan hankalin 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi. Ba a biyan kuɗin makaranta.

Ku dubi wannan jadawalin darussa da aka manna a ƙofar aji, domin a cikinsa sirrin tsarin yake. Lissafi da fiziks da kemistiri cikin Jamusanci ake yin su, amma tarihi da labarin ƙasa da ilimin halittu cikin Ingilishi, kuma galibi malaman da ke koyar da su da harshen suka tashi. An kuma shirya ajin ta yadda kusan rabin yaran sun fi ƙarfi a Jamusanci, sauran rabin a Ingilishi, saboda haka yaron da yake kan gaba da safe a darasin tarihi, shi ne zai juya ya nemi taimakon na kusa da shi idan an shiga lissafi. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin yaron da ya zo daga Kano ko Kumasi da Ingilishinsa ba zai zauna a bayan aji a matsayin wanda bai iya komai ba. Ya zo da abin da rabin ajin suke buƙata a wurinsa.

Nan kuma ɗakin gwajin ilimin halittu ne. Ga na'urorin hangen ƙananan halittu a jere, ga ɓawon albasa da aka yanka siriri aka ɗora a kan gilashi domin baƙi su leƙa, ga zanen zuciyar mutum a bango da sunayen sassanta cikin Ingilishi. Akwai ɗakin kwamfuta, ɗakin karatu mai littattafan harsunan biyu, da zauren motsa jiki. A wurin cin abinci ana samun girki marar nama, wanda shi ne mafita ga yaranmu a ranar da aka dafa abin da ba ma ci.

A Berlin firamare shekara 6 ce, saboda haka sakandare daga aji 7 take farawa. Maki daga 1 zuwa 6 ake bayarwa, kuma 1 ne mafi kyau, don haka kada uba ya ga 1 a takardar ɗansa ya ɗaga hankali. A ƙarshen aji 10 ana samun shaidar da ake kira MSA, daga nan mai niyyar jami'a ya nufi Abitur, wato shaidar kammala sakandare da ake shiga jami'a da ita, wanda ake kammalawa a aji 12 a Gymnasium, wato irin sakandaren da ke shirya ɗalibai don jami'a. A ajujuwan ƙarshe ana komawa maki 0 zuwa 15.

Rayuwar ɗalibai ba ta tsaya a aji ba. Suna zaɓen wakilan da ke magana da yawunsu a gaban hukumar makaranta, suna da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da kiɗa da muhawara bayan an tashi, kuma ajin yakan yi tafiyar kwanaki tare da malamai. Tun 2019 ɗaliban Berlin suke hawa bas da jirgin ƙasa na cikin gari kyauta. Darasin ɗa'a wajibi ne daga aji 7 zuwa 10, na addini kuwa ganin dama ne, kuma ana ba yaran Musulmi hutun ranar farko ta ƙaramar Sallah da babbar Sallah.

Sai dai ina roƙon iyaye kada su ɗauki abin da wasa. Yawancin yaran nan tun firamare suke cikin tsarin, kuma wanda zai shigo daga waje sai an gwada ƙarfinsa a harsunan biyu. Ingilishin gaisuwa da hira ba zai ishi yaron da za a ce ya rubuta shafi biyu a kan dalilan Yaƙin Duniya na Ɗaya ba. Hausa kuma ba ta cikin harsunan 9, don haka yaronmu harshe uku yake ɗauke da su, kuma na ukun a gida kaɗai zai ji shi. Mai niyya ya nemi ranar buɗe ƙofar makarantar da yake so tun kafin lokacin rajista, ya je da yaron da takardun sakamakonsa, ya tambayi malamai yadda gwajin shiga yake.