An wajabta mana intanet, amma sabis ɗin bai ƙaraso ba

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, iyayena da yayyena da ƙannena, na gida da na gona da waɗanda yanzu haka suke kan hanyar dawowa daga kasuwa. Sharhinmu na yau kan maganar sabis ne. Maganar da in ka zauna a majalisa ko teburin mai shayi, daga Gumel har Birnin Kudu, daga Ɗambatta har Sumaila, ba za ka tashi ba sai wani ya ɗaga waya sama yana juyawa yana cewa yau kuma netwok ya ɗauke.

Wasu in sun ji ana wannan kuka sai su ce to ai sai a haƙura, da can da babu wayar mutuwa muka yi? Ni dai ban yarda da wannan magana ba, kuma zan faɗi dalilina. Gaskiya ne da can ba mu mutu ba, amma da can babu wanda ya tilasta mana. Lokacin da MTN da Econet, wato Airtel na yanzu, suka fara aiki a watan Agustan 2001, zamanin Obasanjo, layi kaɗai sai ka ajiye wajen naira dubu ashirin, kira kuma naira 50 minti ɗaya, ko gaisuwa kawai ka yi ka kashe an cire maka na minti guda cur, sai da Glo ya shigo a 2003 ya kawo lissafin sakan-sakan sannan aka ɗan samu sa'ida. A lokacin waya ta mai hali ce. Wanda ba shi da ita bai rasa komai ba, in saƙo ne ya ba direban motar kasuwa, in ta matsa ya je gun masu lema a bakin tasha ya biya ya kira ɗan'uwansa na Legas ya dawo gida.

Yanzu fa? Yanzu gwamnati ce da kanta ta ce sai da shi. Tun Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN in ba haka ba a rufe, kuma an rufe ɗin, mun ga tsofaffi suna bin layi tun asuba a sakatariyar ƙaramar hukuma, a wuni a ce netwok bai zo ba a dawo gobe, ga kuɗin mota ya tafi. Tun 2015 JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, babu takarda babu biro. Neman aikin soja, na ɗan sanda, rajistar tallafi, duba sakamakon jarrabawa, duk sai ta intanet. Sai kuma aka zo farkon 2023 aka yi canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace daga hannun mutane, aka ce kowa ya koma turansifa. Wanda ya ci kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko ta Wudil ranar Juma'a a waɗancan watanni ya san abin da nake faɗa. Mutum ya sayar da sa, mai saye ya nuna masa waya ya ce ga shi an cire min, shi kuma alat bai shigo ba, ga rana tana faɗuwa, ga mota za ta tashi, ba a san wa zai saki wa ba, mai sa ba zai saki igiya ba mai kuɗi kuma kuɗinsa ya maƙale a sama. Mutanen kirki sun yi rigima da juna a kan abin da ba laifin ɗayansu ba ne.

To abin da nake cewa kenan, wanda ya wajabta abu shi ya kamata ya kawo shi har ƙofar gida. An wajabta mana intanet kafin a kawo mana shi yadda ya kamata.

Bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake aiki, saboda tambayar da aka fi yi min ita ce, malam ga sandunan sabis sun cika a waya amma ko hoto ba ya buɗewa, wannan wane irin abu ne? Waɗannan sanduna da kake gani suna nuna maka ne kawai cewa wayarka tana jin ƙarfen sabis ɗin da ke kusa da kai. Ba sa gaya maka mutum nawa ne suke kan ƙarfen nan a lokacin. Kowane ƙarfe yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma rabawa ake yi tsakanin duk wanda ya hau. Garin da aka kafa wa ƙarfe ɗaya shekaru goma sha da suka wuce, lokacin masu babbar waya ba su fi a ƙirga da yatsu ba, yau kowane gida akwai Android, yara suna TikTok, mata suna sana'a a WhatsApp, 'yan POS sun jeru a bakin titi, amma ƙarfen nan dai shi ne ɗaya tilo. Shi ya sa da tsakar dare yake gudu, da yamma kuma ya tsaya cak, ranar kasuwa kuwa ba a magana. Sannan ka duba ɗan harafin da ke saman wayar. In ka ga 4G to da sauƙi, in H ne ana lallaɓawa, in kuwa E ka gani to kira da tes kawai za ka iya, kuma har yau akwai ƙauyukanmu da E ɗin ma sai an hau tudu ko an je bayan makarantar firamare inda kowa ya san nan ne ake samu. Mutanenmu na bakin iyaka wajen Maigatari da Ɓaɓura su kuma wani lokaci sabis ɗin Nijar ne ma yake shigo musu ya danne na gida.

Shi kansa ƙarfen ba shi kaɗai yake aiki ba. Wuta yake ci dare da rana, kuma da yake wutar gwamnati ba abin dogaro ba ce, janareta da batir da sola ne suke riƙe da shi, in man ya ƙare ko injin ya lalace gari guda ya shiga duhu. Sannan dole a haɗa shi da sauran duniya, ko ta wayar faiba da aka binne a gefen titi ko ta wannan faifan da kuke gani kamar ganga a jikinsa yana kallon wani ƙarfen. Ita faibar nan tana tafiya har Legas, daga can ta shiga ƙarƙashin teku. Ku tuna ranar 14 ga Maris 2024, farkon azumi, da wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka samu matsala ta wajen gaɓar Kwaddibuwa, bankuna suka tsaya, turansifa ta tsaya, mai sayen ƙanƙarar buɗa-baki a Ringim ya ji a jikinsa alhali bai taɓa ganin teku ba.

Yanzu mu zo kan kuɗi, don nan ne abin ya fi yi min ciwo. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ta amince kamfanoni su ƙara kashi 50 cikin ɗari a kan kira da data da tes. Su kamfanonin ninki suka nema, kashi ɗari, aka ba su rabi. Kuma in za mu yi adalci suna da hujja, an fi shekara goma ba a taɓa farashin ba, dala ta tashi, kayan aikinsu duk daga waje ake sayowa, man dizal ya yi tsada, MTN ma asara ya bayyana a lissafinsa na 2023 da 2024. Ban ce ƙarya suke ba. Amma an yi ƙarin ne da alƙawarin cewa aiki zai gyaru. Kuma farashin nan ɗaya ne a ko'ina, abin da mutumin Nasarawa GRA a cikin Kano yake biya na gig ɗaya shi mutumin ƙauyen Gwaram yake biya, kobo bai ragu ba. Na birni ya sha datarsa har ta ƙare, na ƙauye ya saya ta sati ɗaya, kwana uku babu sabis, ranar da ya dawo a turo masa saƙo wai wa'adinta ya cika. In mai hatsi a kasuwa ya karɓi kuɗin mudu ya auna maka rabi, ai sarkin kasuwa ba zai bar shi ya kwana a rumfar nan ba. To me ya sa a nan za a ce mu yi shiru? Ni ra'ayina, duk ranar da sabis ya ɗauke a yanki, a ƙara wa mutanen yankin kwanakin datarsu daidai da abin da suka rasa. Kamfani ya san ƙarfen da ya mutu, ya san awa nawa ya yi a mace, ya san layukan da suke kansa. Ba abu ne mai wuya a gare su ba.

Sai dai fa mu ma akwai namu. Batir da ake sacewa a gindin ƙarfe, da man janareta da ake zuƙewa da dare, da sola da ake kwancewa, ba daga wata ƙasa ɓarayin suke zuwa ba, kuma akwai mai saye a cikinmu. 'Yan kwangilar titi su ma su zo da katafila su tsinke faiba su wuce abinsu ko a jikinsu. A 2024 gwamnatin tarayya ta saka kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman, amma doka tana Abuja, ƙarfen yana bayan gari. Ranku ya daɗe masu unguwanni da dagatai, yadda ake sa ido kan taransifoma da famfon burtsatse haka ya kamata a sa ido kan wannan, 'yan sintiri su san cewa yana cikin abin da suke gadi. Sannan matasa, wani kukan na cewa ana sace muku data, ku fara duba wayarku tukuna. WhatsApp yana sauke duk bidiyon da aka turo a guruf ko ba ka buɗe ba, manhajoji suna sabunta kansu a ɓoye, bidiyon Facebook yana kunna kansa. A shiga saitin a kashe waɗannan, a riƙa danna *323# ana duba abin da ya rage, in bayan haka har yanzu tana zurarewa to sai a yi magana da hujja a hannu.

Labaran fasaha da muke karanto muku kullum kuwa, wallahi wani lokaci ina karantawa raina yana sosuwa. Ana maganar 5G tun 2022, an kunna a manyan birane har da cikin Kano. Starlink na Elon Musk ya shigo Najeriya a Janairun 2023, mu ne ma ƙasar farko a Afirka, kuma shi ba ruwansa da ƙarfe, daga tauraron ɗan'adam yake ɗaukowa, wato dai irin abin da ya dace da ƙauye ne sak. Amma kuɗin na'urar dubban ɗaruruwa ne ga na wata-wata, wane manomi ne zai iya shi kaɗai? Sai dai in ƙaramar hukuma ko ƙungiyar ci gaban gari ta saya ta ɗora a asibiti ko makarantar sakandare da sola, jama'a su amfana. Akwai ma asusu na musamman da dokar sadarwa ta 2003 ta kafa, ana kiransa USPF, aikinsa kenan kai sabis wuraren da kamfani yake ganin babu riba. 'Yan majalisarmu na tarayya, ranku ya daɗe, wannan asusu ku ya kamata ku riƙa ƙwanƙwasa wa ƙofa da sunayen garuruwanmu a rubuce, ba sai lokacin kamfe a zo ana raba katin waya ba.

Abin da ya fi damuna duka shi ne yaranmu. Yaro ya gama aji shida na sakandare a ƙauye, yana da ƙoƙari, ya haddace littafi, amma bai taɓa ɗora yatsa kan kwamfuta ba sai ranar JAMB. A tashe shi tun dare a sa shi a mota zuwa Dutse ko Haɗeja ko Kano, ya shiga ɗaki ya ga allo, hannunsa yana rawa, agogo yana tafiya, ɗan birnin da ke gefensa har ya yi nisa. Alhali abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba, A da B da C da D na zaɓen amsa, N ka wuce gaba, P ka koma baya, in yaro ya samu sati biyu yana taɓawa ya wuce wajen. Ga shi kuma gwamnati ta sanar cewa WAEC da NECO su ma kwamfutar za su koma. Wasu makarantun an kai musu kwamfutocin ma, suna nan a ɗaki a kulle ƙura ta rufe su, babu wuta babu malami, shugaban makaranta yana tsoron a buɗe wani abu ya lalace a ce shi ne. Jigawa fa ba baƙuwa ba ce a wannan fanni, tun zamanin Saminu Turaki aka kafa makarantar koyon kwamfuta ta Kazaure, ta yaye ɗalibai masu yawa, da yawansu suna zaune a garuruwanmu suna caji da gyaran waya da POS. A ɗauke su mana su koyar, ko da yamma ne bayan la'asar, a sa sola ƙwaya biyu a buɗe ɗakunan nan. Ƙungiyar iyaye da malamai za ta iya fara wannan tun kafin gwamnati ta waiwayo.

Ga wanda yake da ƙorafi kuma, kada ya tsaya a majalisa kawai. Ka fara kiran kamfaninka a 300, ka faɗi matsalar, ka ce su ba ka lambar ƙorafi ka rubuta ta a takarda. In kwanaki sun wuce ba a gyara ba, ka kira 622, layin NCC ne kuma kyauta ne, ka ba su wannan lambar da sunan garinku da ƙaramar hukumarku. Mutum ɗaya in ya kira za a iya mantawa da shi, amma a ce gari guda an haɗu, limami ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, mutum hamsin sun kira a sati ɗaya kan ƙarfe ɗaya, dole sunan garin nan ya fito a lissafinsu. Waɗanda garinsu babu sabis ɗin kiran ma kwata-kwata, ku rubuto mana sunan garin da mazaɓarku ta hannun duk wanda zai shigo gari, za mu karanta su ɗaya bayan ɗaya a wannan fili mako mai zuwa in Allah ya kai mu.