Bayan an tsira daga harsashi: abin da ke kashe 'yan gudun hijira a makonnin farko

A watan Yulin 1994, dubban ɗaruruwan 'yan Ruwanda da suka gudo daga yaƙin ƙasarsu suka kwarara garin Goma, a gabashin Kongo (Zaire a lokacin), cikin 'yan kwanaki. Cikin wata guda kusan mutum 50,000 suka rasu, akasari da kwalara da atini, domin ruwan tafkin Kivu suke sha ba tare da an sa masa magani ba. Duk sun tsallake yaƙin da ransu.

Shi ya sa a sabon sansani ruwa ake fara nema. Ƙa'idar ayyukan jinƙai ita ce aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana, ta sha da girki da wanka, kuma kada nisan famfo ya wuce mita 500. Amma galibi a cikin tanti ruwan ke gurɓacewa: bokiti buɗe, hannu da moɗa suna shiga suna fita. Don haka ake raba jarka mai ƙaramin baki, ana kuma sa kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, daidai yadda ƙarfinsa zai saura bayan an kai ruwan gida.

Sai masai. Ɗaya ga mutum 20 ake so, a haƙa shi aƙalla mita 30 daga rijiya. Idan ba ƙofa mai sakata, ba fitila, mata ba za su je da dare ba, kuma suna da gaskiya. Bahaya sai ya koma bayan tantuna, ruwan sama ya kwaso shi. Gudawa ta kama yaro? Lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har a isa asibiti. Gishirin kada ya wuce haka, yawansa ma illa ne.

Ƙyanda kuwa cinkoso take so. Ana yi wa yara rigakafi tun daga wata 6 har ƙasa da shekara 15, ba a jiran sai ta ɓulla.

Tamowa ana gane ta da ma'aunin damtse. Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 da kaurin damtsensa bai kai milimita 115 ba, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, yana cikin haɗari. Nan tausayi kan yi ɓarna: a cika wa yaron da ya daɗe da yunwa ciki lokaci guda, gishirin jininsa ya rikice, zuciya ta gaza. Wanda ya daina karɓar abinci, da madara ta musamman ake fara masa a asibiti, a hankali.

Akwai kuma abin da kunya ke ɓoyewa. Wadda aka yi wa fyaɗe tana da awa 72 ta fara maganin kariya daga ƙanjamau, awa 120 na hana ɗaukar ciki. Mutum kan yi kwanaki yana tafiya kafin ya kai iyaka, lokacin ya ƙure.

Yaron da aka tsinta shi kaɗai, kada a yi gaggawar tafiya da shi. A tambayi mutanen wurin tukuna, a rubuta inda aka same shi da ranar, a ɗauki hotonsa, a adana kayan jikinsa ba a wanke ba. Ƙaramin yaro bai san sunan garinsu ba, sau da yawa da rigar nan uwarsa za ta shaida shi a wajen ma'aikatan Red Cross.