Amsoshin Tambayoyinku: Abin da jiki ke ji bayan bugun zuciya

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'ar Damagaram da kewaye. Saƙonni sun taru, lokaci kuma kaɗan ne, ga likitanmu na zuciya zaune. Likita, barka da zuwa. Wata Hajiya daga Zango ta ce tun da aka sallamo maigidanta daga asibiti bayan bugun zuciya yake busasshen tari, ba majina, ba zazzaɓi.

Likita: Barka kadai. Hajiya ta duba kwalayen maganinsa. In akwai captopril ko enalapril, sukan kawo irin wannan tari. Kada ya daina sha da kansa, ya koma wurin likitansa a musanya masa.

Mai gabatarwa: Sai wani Bafillace daga Gure. Ai mu Barebari mun san halinku, a raba ku da komai ban da butar shayi! Yana tambaya ko zai ci gaba da shayi da goro.

Likita: Ya rage, musamman in ya ga suna sa masa faɗuwar gaba. Taba ce babu ciniki a kanta, ya bar ta gaba ɗaya.

Mai gabatarwa: To ga wadda zan tsaya a kanta, don saƙonni da dama sun zo da irinta. Wani dattijo daga Birni, mai shekara 58, ya ce mako 7 ke nan da bugun zuciya ya kwantar da shi. Ya ce: "Da rana lafiya lau nake. Da dare in na kwanta sai in ji kamar an tsira mini allura a ƙirji, nan take ya wuce. Wani lokaci zuciyar ta yi kamar ta tsallake bugu ɗaya. Tafin hannuna sanyi, ga gajiya. Ban faɗa wa iyali ba don kada hankalinsu ya tashi. Wani aboki ya ce iska ce. Ciwon ne zai dawo?" Likita, ranka ya daɗe.

Likita: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ka san zuciya tsoka ce, tana da jijiyoyin da ke ciyar da ita jini. In ɗaya ta toshe, yankin da take ciyarwa ya kan mutu, sai jiki ya yi tabo a wurin, kuma tabon nan yakan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin ya yi ƙwari. Abin da ke damuna, mutanenmu ba sa zuwa sai abu ya ƙazanta. Hawan jini na cin mutum shekara da shekaru bai taɓa auna shi ba, ga gishiri a miya, ga dunƙule a kai, ga kilishi da yamma...

Mai gabatarwa: Likita, a dawo wurin Baba. Allurar nan da yake ji, mece ce?

Likita: To. Wanda ya sha wannan wuya yakan koma yana sauraron jikinsa, musamman da dare in gari ya yi tsit. Abin da da can ba ya kula da shi, yanzu sai ya ji shi da ƙarfi. Sukar da ke zuwa kamar ƙiftawar ido a wuri ɗaya, wadda mutum zai nuna da ɗan yatsa, ko in ya danna wurin ya ji zafi, galibi daga naman ƙirji ko haƙarƙari take. Tsallaken bugu jefi-jefi, masu lafiya ma suna yinsa. Sanyin hannu da gajiya kuwa, magungunan da ke rage gudun zuciya irin su bisoprolol da atenolol suna kawo su. Tsoron kansa yana matse ƙirji, yana hana barci, kuma ana magance shi. Amma ban ce Baba ya zauna ba. Ya rubuta abin da yake ji, da lokacin, da abin da yake yi sa'ad da ya zo, ya kai wa likitansa cikin makon nan a manna masa wayoyin awon zuciya a gani.

Mai gabatarwa: Wanne ne kuma ba a jira da shi?

Likita: Nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora buhun gero, ya wuce minti 5 ko an huta bai sauka ba, ko yana tafiya zuwa hannu, wuya, muƙamuƙi ko baya. Gumi mai sanyi, tashin zuciya, numfashi ya gagara, suma, ko zuciya ta dinga gudu ba tsayawa. Mata da masu ciwon suga, wani lokaci ƙirjin ma ba ya ciwo, sai haki da kasala kawai. Wannan ko ƙarfe biyun dare ne, a nufi asibiti, kuma kada mai ciwon ya tuƙa mota ko babur da kansa.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita, jama'a. Suka ta ɗan lokaci, sanyin hannu, gajiya: a rubuta, a kai wa likita. Nauyi a ƙirji da ya wuce minti 5, gumi mai sanyi, numfashi ya gagara, suma: asibiti nan take, ba a jiran asuba. Minti 5, na sake faɗa. Ni kuma Baba, da girmanka, zan yi maka ɗan faɗa. In abu ya taso da dare, wa zai kai ka in Hajiya ba ta san komai ba? Ka faɗa mata yau, ka faɗa wa babban ɗanka. Batun iska kuwa, a yi addu'a, mu ma muna taya ka, amma kada a ajiye ƙwaya ko ta kwana ɗaya.

Likita: Musamman aspirin da clopidogrel, su ke hana jini daskarewa a jijiyar. Kuma don Allah a bar sayen ibuprofen da diclofenac wurin masu yawo da magani a tire, suna cutar da mai ciwon zuciya. In ciwon jiki ne, paracetamol. In an ga bayan gida ya yi baƙi ƙirin, a zo da gaggawa, alamar jini ce a ciki.

Mai gabatarwa: Minti ɗaya ya rage. Wata 'yar'uwa daga Mirya ta ce mahaifiyarta ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya barci sai an jingina ta da matasai.

Likita: Ruwa ne ke taruwa don zuciyar ta yi rauni. A kawo ta yau, kada a jira ranar da aka ba ta, a zo da dukan magungunan da take sha.

Mai gabatarwa: Kin ji, 'yar'uwa, yau ɗin nan. Allah ya ba Inna lafiya. Sauran saƙonnin na Magarya da Tanut sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.